Ɗan Kwaɗon Kurmin Danko da Danginsa na Bakin Kwara



Batun wannan lacca wata 'yar halitta ce wadda tsawonta duka bai wuce gaɓar ƙarshe ta babban yatsan mutum ba, watau wani ɗan kwaɗo da ke zaune a cikin kurmi a kan tsaunin Mambila, a Jihar Taraba. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa kwaɗon tsauni da ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, inda babu wani tsauni mai tsawo sai kogi da tafki da fadama? Abin da ya haɗa su dangantaka ce ta jini. Ɗan kwaɗon nan na Mambila yana da 'yan'uwa a bakin Kwara, waɗanda kowane manomin shinkafa ya sha ganinsu suna tsalle a gabansa bai ko dube su ba. Siffarsu kusan ɗaya ce, amma zamansu ya bambanta ƙwarai, kuma ba a gane halin da na tsauni yake ciki sai an fara sanin yadda na fadama yake rayuwa.

Suna da siffa

A Hausa kalma ɗaya ce ta tattara su duka. Wanda ke kwance a gindin randa, mai kaushin fata, kwaɗo ne. Babban nan na ruwa mai santsi, wanda ake ce wa burduddugi, shi ma kwaɗo ne. Balle kuma kalmar tana da wasu ayyukan, gama da kwaɗo ake kulle ƙofa, kuma akwai kwaɗon zogale da na rama. Ɗan kwaɗo kuwa tun yana da wutsiya sunansa talibambam, sunan da masunta kan kira wani kifi mai kumbura ciki da shi. Masana ilmin halittu ba su tsaya nan ba. Sun kasa kwaɗi zuriya-zuriya, kowace zuriya kuma iri-iri, kana suka ba kowane iri suna biyu da harshen Latin, na farko sunan zuriya, na biyu sunan irin.

Zuriyar da ake magana a kai sunanta Phrynobatrachus. Wani masani mai suna Albert Günther ne ya raɗa mata sunan a 1862, ya haɗa kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin kwaɗon tudu mai kaushi, ɗaya kuma kwaɗon ruwa. Da Bahaushe zai fassara sai ya ce kwaɗo-kwaɗo. Sunan kuwa ya dace, don kuwa jikinsu siriri ne irin na masu tsalle a ruwa, amma fatar da yawa daga cikinsu tana da ƙuraje-ƙuraje irin na kwaɗon gindin randa. An san fiye da iri 90 a wannan zuriya, kuma ba a samunsu ko'ina a duniya sai a Afirka kudu da Sahara. Da yake a ƙananan kududdufai aka fi ganinsu, a nan za a riƙa kiransu kwaɗin kududdufi.

Galibinsu tsawonsu kimanin santimita 2 ne daga hanci zuwa gindi, kuma mace ta fi namiji girma kaɗan. Launin bayansu na ƙasa ne, wani ya yi duhu, wani ya yi toka-toka, ta yadda in ɗaya ya lafe a kan taɓo ko a kan busasshen ganye, ido ba ya rarrabe shi sai ya motsa. Wani yana da ratsi mai haske da ya bi tsakiyar bayansa, wani ba shi da shi, alhali kuwa iri ɗaya ne, watakila ma uwa ɗaya ta saka ƙwansu. Wannan ya sha ruɗa masana, har aka ba iri ɗaya suna biyu ko uku kafin a gane. Baƙin idonsu a kwance yake. Yatsun hannunsu a rarrabe suke, na ƙafa kuwa akwai 'yar fata a tsakaninsu irin ta agwagwa, mai yawa a wasu, kaɗan a wasu. Amma alamar da ta fi kowace tabbas ita ce wani ɗan ƙullutu a tsakiyar dogon ƙashin da ke tsakanin dunduniya da tafin ƙafa. Wanda ya birkice ɗan kwaɗo ya ga wannan ƙullutu, to ya san zuriyarsa.

Wurin rarrabe iri da iri, namiji ake dubawa, musamman maƙogwaronsa, inda jakar kuka take. A wani iri rawaya ne, a wani baƙi. Sa'an nan kowane iri yana da kukansa dabam, kuma mace ba ta amsa kukan da ba na irinta ba.

Kafin a bar maganar siffa, dole a yi maganar fata, domin a kanta komai ya rataya. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar cikinsa yake tsotsarsa in ya zauna a wuri mai laima, kuma ta fata yake yin wani kashi na numfashinsa. Fatar da ruwa ke shiga ta cikinta cikin sauƙi kuwa, haka yake fita cikin sauƙi. Magina sun san cewa ƙaramin curin ƙasa yakan riga babban tubali bushewa, don kuwa iyakar ƙanƙantar abu, iyakar yawan bayansa in an gwada da cikinsa. Ɗan kwaɗon da bai wuce santimita 2 ba, in aka bar shi a fili da rana tsaka a watan Afrilu, ba zai daɗe ba zai bushe. Saboda haka kowane irin kwaɗo yana da amsar da ya ba wannan tambaya guda: ina za a sami laima, kuma me za a yi in babu ita?

Amsar bakin Kwara

Ƙasar Yawuri tana kimanin mita 150 bisa teku. Ruwan sama da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 1,000 ba, kuma galibinsa yana zuba ne tsakanin Mayu da Oktoba. Daga nan sai hunturu da busasshiyar iska, sa'an nan bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Wata shida ko fiye ke nan da ƙasa take hana kwaɗo sakat.

Manyan kwaɗi da matsakaita suna da dabarunsu na haƙuri. Wani yakan tona rami ya binne kansa, ya lulluɓe jikinsa da saɓar fatarsa har ruwa ya sauka. Akwai wani mai jan baya, Phrynomantis microps, da ke shiga gidan manyan tururuwa masu harbi ya yi rani a cikin laimarsu, kuma bincike ya nuna cewa fatarsa tana fitar da wani sinadari da ke hana su taɓa shi. Akwai kuma wani ɗan kwaɗon ciyawa, Hyperolius nitidulus, wanda 'ya'yansa kan manne a jikin kara su yi rani a fili, fatarsu ta koma fara fat tana mayar da hasken rana. Duk waɗannan mazauna dajin Afirka ta Yamma ne, irin dajin da ya kewaye tafkin Kainji.

Kwaɗin kududdufi kuwa dabararsu sauri ce. Iri biyu sun isa misali. Na farko shi ne Phrynobatrachus francisci, wanda George Boulenger na gidan adana kayan tarihi na Landan ya bayyana a 1912, daga samfurin da aka aika masa daga lardin Zazzau. Fatarsa tana da ƙuraje, maƙogwaron namijin kuma yana da duhu. Da rani yakan ɓuya a tsagar taɓo ko a ƙarƙashin dutse kusa da ruwa. Ruwan farko na sauka sai ya fito, ba ya kuwa neman babban tafki, sawun saniya da ya cika da ruwa ko ramin da tayar mota ta bari ya ishe shi. Mace takan saka ƙananan ƙwai su yi shimfiɗa a kan ruwa, inda ya fi ɗumi, su ƙyanƙyashe nan da nan, cikin 'yan makonni talibambam ya yi ƙafafu ya fita. Tsere ne tsakaninsa da rana. Sau da yawa rana ce ke ci, kududdufi ya ƙafe, 'ya'ya su mutu duka, amma da yake kududdufai dubbai ne, wasu dole su tsira. Ribar ƙaramin ruwa ita ce babu kifi a ciki.

Na biyun shi ne Phrynobatrachus latifrons, mai rawayan maƙogwaro, wanda ya fi son ruwa mai ciyawa irin na gonar shinkafa, kuma ana samunsa tun daga Senegal har arewacin Kamaru. Binciken da aka yi a kansa a ƙasar Kwaddebuwa ya nuna cewa yakan balaga yana da wata huɗu ko biyar, ya ƙara kamar wata biyu, shi ke nan ya mutu. Watau ransa duka bai kai shekara ba. Halitta irin wannan ba ta dogara ga tsawon rai ba, ta dogara ga yawa da yaɗuwa. In fari ya kashe na Shanga, na Wara suna nan, kuma da damina ta kankama za su sake cika wurin.

A kan wannan ƙasa ce aka gina madatsar Kainji, aka fara aikin a 1964, aka tare ruwa a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 136 ko kusa da haka, tun daga madatsar har kusa da Yelwa, fadinsa kuma kimanin murabba'in kilomita 1,270 in ya cika. Ruwa biyu ke cika shi. Akwai farin ruwa, mai laka, na damunar nan kusa, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, garai-garai, wanda ya zubo tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa. Bayan haka sai tafkin ya yi ta ja da baya, har ya sauka kamar mita 10, ya bar fili mai faɗi da ake nomawa ana kiwo. Abin lura a nan shi ne, lokacin da tafkin ya fi janyewa ya yi daidai da farkon damina. Ke nan ruwan sama yana sauka a kan taɓon da shanu suka tattake, ya cika sawu da ramuka, kifi kuwa yana can nesa. Sai farin ruwa ya iso sa'an nan tarwaɗa da karfasa su hau filin. Ga kwaɗon da 'yan makonni suka ishe shi, wannan tazara babbar dama ce. Madatsar da ta nutsar da garuruwa ba ta hana wannan ɗan taliki wurin zama ba.

Amsar tsauni

Yanzu sai a bar Kwara a nufi gabas mai nisa, a haye Binuwai, a hau hanyar da ta bi ta Bali da Serti zuwa Gembu. Abin mamaki, a can ma akwai wani ƙauye mai suna Yelwa. Amma Yelwar Mambila tana kimanin mita 1,600 bisa teku. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi, saboda haka tsakanin Yelwa da Yelwa akwai bambancin kimanin digiri 9 ta dalilin tsawo kaɗai. Ruwan sama a can yakan kai milimita 1,800 a shekara, damina ta fi ta Yawuri tsawo, ga hazo da raɓa da ke jiƙa ganye ko da ruwa bai sauka ba.

Saman Mambila fili ne na ciyawa mai tudu da kwari, ba kurmi ba. Kurmin da ya rage yana maƙale ne a gangaren tsauni da bakin ƙoramu, inda wuta ba ta kaiwa da sauƙi. Mafi shahara shi ne na Ngel Nyaki, kusa da Yelwar nan, wanda aka keɓe a 1969. Faɗin wurin da aka keɓe murabba'in kilomita 46 ne, amma kurmi na ainihi a cikinsa bai wuce kamar 7 ba. Kusa da shi, a gefen yamma na tsaunin, akwai wani da ake kira Kurmin Danko. A nan ne aka samo ɗan kwaɗon da wani masani ɗan Amurka, David Blackburn, ya bayyana a 2010 cewa sabon iri ne da ba a taɓa rubuta shi ba, ya sa masa suna Phrynobatrachus danko. Da haka sunan wannan kurmi ya shiga littattafan ilmin halittu na duniya. Yana da kyau a lura da shekarar. Wanda ya fito daga Zazzau an san shi tun 1912, na Mambila kuwa sai da aka ƙara kusan shekara ɗari.

Wanda ya ga na Danko ba tare da an gaya masa ba, zai ce ai wannan shi ne na gonar shinkafa: ƙanƙane, mai launin ƙasa, ga ƙullutun nan a ƙafa. Sai an auna, an duba namijin, an kuma gwada ƙwayoyin gado, sa'an nan bambanci ke fitowa. Gwajin ya nuna cewa danginsa na kusa ba na fadama ba ne, na sauran tsaunuka ne da ke hayin iyaka a Kamaru. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Breda Zimkus ta bayyana a 2009 daga kusa da ƙolin dutsen Oku, a tsawon kimanin mita 2,800. Namijinsa bai kai santimita 2 ba, cikinsa baƙi ne, kuma yana da 'yan ƙananan ƙayoyi a fatar cikin, shi ya sa aka kira shi chukuchuku, watau mai ƙaya da buroka irin ta Kamaru. A 2011 kuma aka bayyana wani daga tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba, aka sa masa suna schioetzi. Tsauni uku, iri uku, a shekara uku a jere.

Na tsauni bai san tseren da na fadama yake yi da rana ba. Ƙasan kurmi a lulluɓe take da ruɓaɓɓen ganye mai laima, ƙorama tana gudu da sanyi, rana ba ta kaiwa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Laima ba abin nema ba ce, a cikinta yake kwana yake tashi. Har ma akwai wata zuriya dabam a waɗannan tsaunuka, Arthroleptis, wadda ta daina kai ƙwai ruwa sam. A cikin damshin ƙasa take sakawa, ɗa ya gama zamansa na talibambam a cikin ƙwai, ya fito da ƙafafunsa huɗu. Ɗaya daga cikinsu, da aka bayyana a 2010, an sa masa suna palava, watau rigima, saboda wahalar da ya ba masana wajen rarrabe shi da makamantansa.

Amma sauƙin nan yana da farashi. Halittar da ta saba da sanyi da laima tun kaka da kakanni ba ta da dabarar rani. Ba ta iya ratsa filin ciyawa da aka ƙone ta koma wani kurmi, balle ta sauka kwari mai zafi ta haura wani tsauni.

Gungu a sama

Mutanen Yawuri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan gungu. Kafin 1968 kogin yana cike da tsibirai, Gungawa suna zaune a kansu suna noman albasa suna su, kowane gungu da jama'arsa. Tsaunukan nan gungaye ne su ma, sai dai abin da ya kewaye su zafi ne a maimakon ruwa. Jerinsu ya taso tun daga cikin teku, daga tsibirin Biyoko, ya bi ta dutsen Kamaru mai aman wuta wanda ya haura mita 4,000, da Manenguba, da Oku mai mita 3,011, ya taɓa Nijeriya a Obudu da Mambila da Chappal Waddi, wanda shi ne ƙoli mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Masana suna ganin cewa a cikin tsawon zamani sanyi da ɗumi sun yi ta karɓa-karɓa a duniya. In aka yi sanyi, itatuwan tsauni sukan gangaro ƙasa, gungu ya haɗu da gungu, halittu su cakuɗa. In ɗumi ya dawo sai su koma sama, kowane rukuni ya tsinci kansa shi kaɗai, a hankali ya canza kama da kuka har ya zama iri dabam. Wannan shi ne dalilin da ya sa fadama mai faɗin dubban kilomita take da iri ɗaya daga Senegal zuwa Kamaru, tsauni kuwa kusan kowanne da nasa.

Iyakar wannan al'amari ana ganinta a tafkin Oku, wani ɗan tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta, a tsawon kimanin mita 2,200. Akwai wani kwaɗon ruwa a cikinsa, Xenopus longipes, da aka bayyana a 1991, wanda duniyarsa duka wannan tafki ne. Tafkin ba shi da kifi, kuma babban abin da masana ke tsoro shi ne wata rana wani mai kyakkyawar niyya ya zuba kifi a ciki don jama'a su sami nama. Abin da yake arziki a Kainji, a can halaka ne.

Lokacin da tafkin Kainji ya hau, ya shanye tsohuwar Busa da mafi yawan tsibirin Foge da gungaye masu yawa, an tashi mutane kimanin 44,000 aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu. Dattawa har yau suna ba da labarin abin da aka rasa, amma dai an sami tudun komawa. Yanzu zafi ne ke hawa tsauni kamar yadda ruwa ya hau gungu. Duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma bisa ƙa'idar da aka ambata, kowane digiri ɗaya yana daidai da hawan kimanin mita 150. Kwaɗon Danko in ya hau mita 150 daga inda yake, ba kurmi zai tarar ba, makiyaya zai tarar, domin kurmin a gangare yake, samansa kuwa fili ne.

Ba zafi ne kaɗai ba, kuma watakila ba shi ne na gaggawa ba. Mambila ƙasar kiwo ce mai kyau, ga ciyawa ga ƙarancin ƙudan tsando, shi ya sa shanu suka yawaita a kanta a cikin ƙarni na 20. Ana sa wa ciyawa wuta da rani don sabuwa ta tsiro, wutar kuwa takan lashi bakin kurmi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Shanu sukan shiga ƙorama su sha, su tattake gaɓa. Manomi yana neman gona, mai girki yana neman itace. Babu mugu a cikin waɗannan mutane, kowa abincinsa yake nema, kuma duk shirin kare kurmi da bai sa makiyayi da manomi a lissafi ba, a takarda zai tsaya. Sa'an nan ga cuta. A 1998 aka gano wata irin fumfuna da ke kama fatar kwaɗi, ta toshe hanyar da suke tsotsar ruwa da gishiri, har zuciya ta tsaya. Wani nazari da aka buga a 2019 ya danganta ta da raguwar iri 501 a duniya, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare, kuma na wurare masu sanyi da laima ta fi yi wa ɓarna. A 2016 masu bincike sun ba da rahoton cewa kwaɗin da a da suke ko'ina a kan Oku da Manenguba sun ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru, kwaɗin kududdufi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna cewa kimanin kashi 41 cikin ɗari na kwaɗi da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa, abin da ya fi na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa.

Wani zai ce, to in ya ƙare fa, wa ya yi asara? Ba za a yi ƙarya a ce tattalin arzikin ƙasa ya dogara ga kwaɗon santimita 2 ba. Amma kurmin da yake ciki shi ne ke riƙe ruwan ƙoramun da ke gangarawa kogin Donga, Donga ya zuba a Binuwai, Binuwai ya sadu da Kwara a Lakwaja. Halittar da ke sha ta fata ita ce ta farko da za ta ji in ruwan ya ragu ko ya gurɓata. Ban da haka, akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi.

Na bakin Kwara ma ba a ce ba su da nasu ba. Burduddugi, wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis, ya zama kayan fatauci. Ana kama shi a fadamun Arewa da na Benin da Nijar, a busar ko a ƙyafe, a kai kasuwannin kudu maso yammacin Nijeriya. Wani bincike da Meike Mohneke da Abiodun Onadeko da Mark-Oliver Rödel da abokan aikinsu suka buga a 2010 ya lissafa cewa mutum 32 kawai masu wannan sana'a suna hada-hadar kwaɗi fiye da miliyan biyu da rabi a shekara. Ga kuma maganin feshi da ya yawaita a gonakin shinkafa da albasa, wanda ruwan sama ke wankewa zuwa cikin kududdufan da ake saka ƙwai. Kwaɗo kuwa ƙwari yake ci dare da rana, shi kuma abincin shamuwa ne da balbela da tarwaɗa.

A Ngel Nyaki an gwada wani abu mai sauƙi. Shirin binciken kurmin tsauni da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand ta jagoranta, tare da ɗaliban jami'o'in Nijeriya da mutanen Yelwa, ya kewaye wasu filaye na bakin kurmi da shinge don hana shanu da wuta shiga, aka kuma dasa itatuwan wurin, ana auna yadda kurmi ke komowa. A Kainji kuwa, binciken da aka fara tun 1968, wanda ya zama cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ya fi mai da hankali ne ga kifi, kuma ba abin zargi ba ne, tun da kifi ne abincin jama'a. Amma lissafin kwaɗi ba ya bukatar jirgi ko koma. Da yake kowane iri da kukansa, wayar hannu ta isa. Ɗalibi zai je bakin fadama a Wara ko Shanga bayan magariba, a daren da aka yi ruwa da rana, ya ɗauki muryoyin na minti biyar, ya rubuta kwanan wata da sunan wurin da irin ruwan, ko sawun shanu ne, ko gonar shinkafa, ko bakin tafki. In ya kama ɗaya don ɗaukar hoto, sai ya jiƙa hannunsa tukuna, ya ɗauki baya da maƙogwaro da ƙarƙashin ƙafa inda ƙullutun yake, ya mayar da shi inda ya same shi. Shekara mai zuwa a koma wuri ɗaya a mako ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kafin farin ruwa ya iso.